Malam Nalado Ba Ya Magana a Bayi

Tun da hukuma ta sa wa kowane gida masai mai magana, mai auna fitsari ya aiko da magani, Malam Nalado ya shiga uku. Ciwon zuciya gare shi, ƙwayar sa fitsari yake sha, sau goma yake zagayawa a wuni. Kullum masai ɗin sai ya tambaya, "Malam, ƙafafunka suna sagewa?" Shi kuwa dattijon arziki, ina zai buɗe baki a bayi? Na'ura ta ɗauka shirun nan lafiya ce, ta yi ta aiko masa da ƙwayar nan ita kaɗai. Har ta kai masallacin ƙofar gida ma ya gagare shi.

Ranar Laraba matarsa Uwale ta gaji. Ta wangale ƙofar bayin, ta dasa masa kujera a tsakar gida.

"To Malam, nan dai ba bayi ba ne. Faɗa masa!"

"Ke Uwale, da furfurata zan yi hira da masai?"

"Wata shida yana kallonka, yau ne za ka ji kunyarsa?"

Ya kau da kai, ya ce, "Suna sagewa."

"Ƙwayar fitsarin ce take wanke maka bitamin B1," in ji masai. "Ga magani nan tafe. Uwale, ke ma ki rage gishiri."

Kafin la'asar ɗan jirgin saƙo marar matuƙi ya ajiye ƙunshi a kan katanga. Uwale ta rangaɗa guɗa, ta leƙa maƙwabta.

"Ku fito da mazanku tsakar gida, masai na kira!"