Fitilar da Ta Ƙi Mutuwa

Tun daga matakalar bene ya ji ƙaurin roba. Ƙarfe uku da rabi ne. Sai biyar ake tashi a masana'antar da yake aiki, amma shi ya daɗe da koyon yadda zai tattara aikin yini kafin la'asar ya sulale gida.

Maƙwabta Mai Kunkuru suke ce masa. Kunkurun kuwa, mai suna Dattijo, gadonsa ne daga mahaifinsa, kuma ya girmi aurensa da shekara ashirin. Rana ba ta leƙa ɗakinsu, shi ya sa ya yi masa akwatin gilashi a falo, da fitilar ɗumama a sama, da wata 'yar na'ura mai kashe fitilar da kanta idan zafi ya kai. Sati biyu kenan da ya sayi sabuwar na'urar.

Fitilar tana ci. Murfinta ya narke ya lanƙwashe. Dattijo ya cusa kansa a kusurwa, baki buɗe, kumfa a hanci, ƙafafu a miƙe. Ya tona ƙasar akwatin har gilashin ƙasa, yana neman sanyin da babu. Kwanon ruwansa ya bushe ƙaf.

Likitan dabbobin da ya kai shi wajenta ta shafa masa ruwa a hankali, ta yi allura, ta jira. Daga baya ta cire safar hannu, Dattijo ya mutu. Ta ce kunkuru ba ya gumi, ba ya kuka, in zafi ya rutsa da shi a inda ba mafaka, dahuwa yake yi a cikin ƙoƙonsa. Ta ce aƙalla awa biyar ya yi a haka.

Da ya dawo ya tarar da matarsa tana cire mayafi. Daga asibiti take, wajen jinyar mahaifiyarta.

"Ke kika murɗa na'urar," in ji shi. "Dama kin tsane shi."

"Baban yara, wallahi ko kusa da akwatin ban je ba."

"Kullum sai kin ce yana wari. To, ga falonki nan, sai ki shimfiɗa kafet."

Ya yi ta zuba, har ya sako mahaifiyarta a ciki. Ta mayar da mayafinta, ta ɗauki jaka, ta tafi gidan yayanta. Ko kallon ƙofar bai yi ba.

Washegari ya duba maɓallin na'urar da kyau. Yana nan daidai inda shi ya saita shi, har da alamar da ya yi da biro. Wannan bai sa ya kira ta ba. Sai ya juya kan mai shagon da ya sayar masa.

Ya doka na'urar a kan kantar shagon har wata mata ta ja ɗiyarta baya. Ya kira mai shagon maƙaryaci, mai sayar da shara. Ya nuna shi da yatsa, babban yatsan nan nasa da shuɗin tawada ba ya barinsa ko ya wanke da sabulu. Mai shagon ya ce shi a kwali ake kawo masa kaya, a rufe, sunan da ke jiki ma na masu sayarwa ne, kayan cikin wasu ke haɗa musu. In yana son sanin gaskiya, ga mai gyaran lantarki can a ƙarshen layi.

Mai gyaran dattijo ne, ba ya son hayaniya. Ya kunce sukurori huɗu, ya zaro allon ciki, ya sa a ƙarƙashin gilashin ƙara girma. Mai Kunkuru yana tsaye a kansa yana huci.

"Ka ga wannan ƙafar?" in ji mai gyaran. "Ba a taɓa liƙa ta da dalma ba. Taɓawa kawai take yi. Da ta ji zafi ta saki, shi kenan fitila ba mai kashe ta."

"Wato daga can aka yo ta haka?"

"Daga can. Kuskure ne da ake yi, shi ya sa ake ajiye mutum takanas ya gwada kowane allo kafin ya fita. Minti ɗaya ya isa a gane. Wanda wannan ya bi ta hannunsa ko jona shi bai yi ba."

Mai Kunkuru ya daki teburin har sukurorin suka watse. Ya ce wannan ba ma'aikaci ba ne, ɗan iska ne, mai kisan kai. Ya ce yau kunkuru ne, gobe ɗakin jariri. Ya rantse sai ya nemo shi ko a ina yake, sai ya ga an kore shi, sai matarsa da 'ya'yansa sun san abin da ya aikata.

"Nemo shi ba wuya," in ji mai gyaran. "Kowane mai gwaji da lambarsa."

Ya juya bayan allon, ya tura masa gilashin. Ga ɗan hatimi nan shuɗi, an buga shi a karkace cikin sauri: AN GWADA, 27.

Mai gyaran ya ɗauko biro zai rubuta masa lambar. Mai Kunkuru ya sa hannu a aljihun rigar aikinsa, ya damƙe hatiminsa mai lamba ashirin da bakwai.