Lambar da ƙane ya rubuta a allon shago

Tunda ka ce zuciyarka ba ta kwanta da sabon layin wayar da ake son sa muku a wurin aiki ba, zauna in ba ka misalin wani dattijo mai sayar da kayan keken ɗinki. Shagonsa na bakin kasuwa, ga allura, ga zare, ga man keke, a kan teburinsa kuma akwai wata baƙar wayar girke, irin wadda ake juya lambobinta da yatsa, ta girmi 'ya'yansa duka. Shi da ƙanensa suka buɗe shagon, ƙanen ne ma ya hau tsani da gwangwanin fenti ya rubuta lambar wayar a allon ƙofa. Wata rana suka saɓa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, wan ya ce masa in ya fita kada ya dawo. Ƙanen kuwa ɗan zuciya ne, ya ɗauki jakarsa ya bar garin. Shekara ashirin da biyu ko labarinsa babu. Dattijon ya yi nadama tun ba a je ko'ina ba, amma ina zai kai ban haƙuri, bai san garin da mutum yake ba? Abu ɗaya ya sani: duk inda ƙanensa yake, lambar nan tana kansa, tunda hannunsa ne ya rubuta ta. Saboda haka ya tare a gindin wayar. Biki a yi ba shi, gona sai dai ya aika, salla ma a masallacin da ke jikin shago yake yi, yana sallamewa ya dawo ya zauna.

Ana nan sai kamfanin waya ya fara bi shago-shago, ana sauke tsofaffin igiyoyin da ke kan turaku ana mayar da layuka kan intanet. Maƙwabta duk suka karɓa. Shi kuwa sau uku ma'aikata na zuwa, sau uku yana sallamar su da fuska a murtuke, don a ganinsa lamba a cikin igiya take zaune, ranar da aka yanke igiya shi ke nan ta tafi, ƙanensa ya kira ya ji wayam. 'Yarsa ta fari, wadda ke taya shi riƙon shagon, ta yi bayani har bakinta ya gaji, cewa lambar tana nan yadda take, hanyar da kira ke bi ce kawai za a sauya. Ya ce yarinya ba ta san duniya ba, alhali yarinyar tana da 'ya'ya huɗu. Sai da damina ta sauka, wani tela ya taso takanas daga ƙauye da faɗansa, wai kwana tara yana kira ba ta shiga. Dattijo ya ɗaga kan wayar ya kara a kunne, shiru, ko ƙarar da aka saba ji babu. Ruwa ya shiga igiya, kamar yadda yake shiga kowace shekara. Ashe kwana tara yana goge mata ƙura, yana gadin rijiyar da ba ruwa. Ya tuna damina nawa aka yi haka, ya rasa inda zai sa kansa, ya ce wa 'yarsa ta kira masa mutanen nan.

Ranar da aka haɗa sabon layin bai yarda da bakin kowa ba. Ya tsallaka titi, ya ari wayar mai shayi, ya danna lambar da hannunsa ɗaya bayan ɗaya yana duban allon ƙofa. Sai ga wayar shago tana ƙara, ga kuma ƙaramar wayar da 'yarsa ta sa masa a aljihu ita ma tana ƙara, don an haɗa su wuri ɗaya. Ya yi dariyar da aka daɗe ba a ji ya yi ba. Daga nan ƙafarsa ta saku, ya shiga zuwa dubiya da ta'aziyya da ɗaurin aure, har mutane suna tambayarsa ko lafiya. Bayan wata biyar, da hantsi, yana tsaye cikin gonarsa yana duba dawa, shago a rufe saboda Juma'a ce, aljihunsa ya ɗauki ƙara. Ya amsa da sallama. Sai wata tsohuwar murya ta ce, “Yaya, ni ne. Na sha kira. Wani lokaci ba ta shiga, wani lokaci in tarar kana kan layi da wani, ni kuma kunya ba ta barina in sake kira sai shekara ta zagayo.” Dattijo ya zauna a kan kunyar dawa yana hawayen farin ciki, ya ce masa ya dawo gida, ya tambaye shi wace tasha zai je ya tarye shi.

To ka gani, abin da ya yi ta tsoron a raba shi da shi, wato tsohuwar igiyar, ita ce take tare masa hanya, waɗanda ya yi ta kora kuwa su suka buɗe ta. Shi ya sa Hausawa suka ce, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.