Gurbi a Shafi na Uku

Shugaban kwalejin malamai yana tsakiyar faɗa motar ma'aikatar ilimi ta shigo, da katifa ɗaure a samanta.

Shekara tara ke nan, kowace Litinin sai ya sa a buga guntun ƙarfen layin dogo da ke rataye a mangwaro, ya tara malamai ya gaya musu komai, daga famfon da ya lalace har wasiƙar da aka zage shi a ciki. Yau kuwa jaridar Juma'a ya ɗaga, wadda jirgin ƙasa ya kawo Kafanchan. Wani ya sa reza ya yanke tsakiyar shafi na uku.

"Wa ya yi wannan? A makarantata ba ma ɓoye wa juna komai!"

Kowa ya sunkuyar da kai.

Wani matashi mai kwat ya sauko daga motar, ya gai da shugaban, ya nemi makullan ofis.

"Baba, ba ka ga jarida ba? Tun Juma'a gwamnati ta yi maka ritaya. Ni aka turo."

Shugaban ya dubi malamansa ɗaya bayan ɗaya. Rabinsu shi ya koya musu riƙe alli. Can mataimakinsa, wanda suke zama benci ɗaya a coci, ya zaro guntuwar takardar da aka yanke daga aljihu.

"Sa, mun rasa wanda zai fara gaya maka."

Ya karɓa. Ta yi laushi don shan hannu. Ga farin alli, ga baƙin mai na direba, a kan sunansa kuma ga shatin yatsa na manja. Har masu dafa abinci sun karanta.