Inda Igiyar Ruwa Ta Rage Gudu

Akwai wani mai fito a bakin wani kogi mai faɗi, matarsa maginiyar tukwane ce. Tun tana amarya, duk ranar kasuwa in ya ɗauko ta da tukwanenta, sai ya yi mata karatun ruwa. Karatun ɗaya ne tilo, har ta haddace shi tare da ɗan tarin da yakan yi a tsakiya. Yakan karkace hula ya ce, "Ke, buɗe ido. Inda ruwa ke da zurfi, igiya gudu take yi, ba ta waiwaye. In kika ga ta rage gudu, ta baya ta cim ma ta gaba, suna cunkushewa suna ɗaga ƙeya, to ƙasa ta matso kusa. Yashi ne a kwance." Kuma da gaskiyarsa, don kowace damina sai ambaliya ta sauya wa yashin wurin kwana. Hanyar bara ba ta fid da mutum bana, sai wanda ya iya kallon fuskar ruwa.

Shekaru suka tura. Mutumin da a da ba ka rufe baki ba ya mayar maka da raha, sai ya koma jinkiri. A miƙa masa ƙwarya, sai ya laluba. A ɗaga masa hannu daga nesa, sai ya ji murya kafin ya amsa. Ga faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Maƙwabta suka ce rigimar tsufa ce. Ita dai ta zuba ido.

Ran nan jirgi ya cika maƙil da mata da kaji da tukwanen da ta sha hayaƙi a kansu, iska na kaɗawa. Suna tsakiyar kogi ta hango igiyoyi a gabansu sun rage gudu, sun taru sun yi tozo. Ta waiga. Maigidan na tuƙi kai tsaye zuwa wurin, ya ware idanu kamar mai gani, fuskar nan a ɗaure tamau, gumi na bin gemunsa. Nan take ta gane: yanar ido ce ta rufe masa gani, kuma ya gwammace komai da a ce mai fito ba ya gani. In ta yi ihu jirgi zai tsira, amma kafin la'asar labari ya zaga gari, ba mai sake taka jirginsa. In ta yi shiru, su kife.

Sai ta karkace ɗankwali kamar hula, ta kumbura murya, ta yi tarin nan nasa sak. "Ehem! Ke, buɗe ido! Kin ga can gabanmu yadda suke ɗaga ƙeya? Yashi ne a kwance. Gwani irina hagu yake bi, inda igiya ke gudu!" Mata suka kwashe da dariya, wata na riƙe ciki tana cewa, "Wallahi shi ne, har tarin!"  Tsoho ya nitsa filafili, jirgi ya karkata hagu, suka wuce yashin na shafar gefensa.

Da suka kai gaɓa, yana ɗaure jirgi, ya ce ƙasa-ƙasa, "Tarin nan naki bai nuna ba. Kasuwa mai zuwa ki zauna a gaba ki gyara shi." Ta ce, "To, Malam." Tun daga ranar mutane rububin jirgin suke yi don su ji ta kwaikwayi mijinta, ba wanda ya san da idonta yake tuƙi.

To, in naka ya fara jinkiri yana ɗaga ƙeya, kada ka yi saurin cewa hali ne ya ɓaci. Wani abu ne ya matso kusa a ƙasa. Ai Hausawa sun gama magana: labarin zuciya a tambayi fuska.