Jar Motar Da Ta Ƙi Sayuwa

Lailatu ta juya hoton wata jar mota da yatsa a fuskar waya, cikin manhajar sayar da motoci, ta buɗe ƙofar direba. Gidansu na unguwar Tirwun shiru, sai ita kaɗai.

Alhaji Hammadu, dillalin motocin Wunti da ta tsara wa manhajar, ya kira.

"'Yata, aikinki ya yi kyau. Amma jar nan, duk wanda ya danna 'Saya', ba ya shiga. Magadan mijinki kuma sun matsa mini a sayar."

"Zan duba, Baba."

Ba ta duba ba. Ita da kanta ta kashe wurin dannawar.

Ta gyara mayafin takabarta, ta danna hon motar a wayar sau biyu, kamar yadda marigayi mijinta Abdulhamid ya saba yi a ƙofar gida.

"Sannu da zuwa," ta ce.