Ƙafar Hagun Gershon

Gershon Kumai ya ɗauko akwatin gem ɗinsa yana yatsine kamar mai fitar da mushen ɓera, ya dire shi a gaban Miriyam, ƙanwar matarsa.

"Ɗauka, na ba ki," ya ce. "Kayan yara ne, ya dace da ke."

Miriyam, wadda ke karatu a jami'ar jiha nan Kafanchan, ta yi godiya ta tura shi cikin jaka.

A kan wannan akwatin Gershon ya yi suna. Malamin fiziks ne a wata sakandare, amma a ƙungiyar masu gem ɗin tseren mota ta garin, Sarkin Kwana ake ce masa. Ba wai ya fi kowa gudu ba ne. Shi dai motarsa ba ta taɓa zamewa a kwana ba. Sauran su taho a guje su dinga rungumar katanga, shi kuwa ya ratsa ta tsakaninsu sumul, yana taɓe baki.

Sirrin, in ji shi, ƙafarsa ta hagu ce. Tun ranar da Jamiluddeen mai shagon kayan gem ya kawo akwatin da sitiyari ya saita masa komai, Gershon ya kwance birkin roba da ya zo da sitiyarin, ya wurga shi bayan kabad. Ya yi odar wani na ƙarfe daga Legas, mai nauyi, mai wayarsa daban, ya soka a jikin akwatin da hannunsa. Shafin saiti kuwa bai taɓa buɗe shi ba. Tone-tonen saiti, a cewarsa, aikin masu neman uzuri ne.

Wanda ya yi kuskuren tambayarsa yadda yake shan kwana ya jawo wa kansa lacca. Sai ka ji nauyi da saurin juyi da gogayyar taya, ana zana maka da yatsa a kan tebur. Har wata Asabar da ya gurɗe a idon sawu, ya hau gem da bandeji ya cinye tseren. Ya daɗe yana ba da wannan labarin, kullum ƙafar tana ƙara kumbura.

Sai aka sanar da babbar gasa a Jos, ƙungiyar za ta tura mutum ɗaya tak. Aka kuma ce a can kwamfuta ake amfani da ita. Gershon, wanda a da yake kiran masu kwamfuta ’yan kafen intanet, ya kwana ɗaya ya tashi da sabon ra'ayi. Yanzu akwatin ne abin raini. Shi ke danne masa baiwa, shi ke ɓoye wa duniya ainihin abin da ƙafar nan ke iyawa. Ya ji haushin kansa ƙwarai da ya zauna wannan tsawon lokaci a ajin ƙananan yara.

Tseren fitar da gwani aka sa ranar Asabar da la'asar, a gidan kallon ƙwallon Azariya kusa da tashar jirgin ƙasa. Azariyan nan shi ke zuwa na biyu kullum, da wata tsohuwar kwamfuta mai ƙugi kamar injin markaɗe. Gershon ba ya lissafa shi cikin mutane.

Da safiyar ranar Jamiluddeen ya kawo sabuwar kwamfutar da Gershon ya saya, ya jona sitiyari da totur da birkin ƙarfen.

"Malam, ka ɗan zaga filin tsere ka ji yadda take," ya ce.

"Mai koyo ke gwaji," in ji Gershon.

Gidan kallon ya cika har bakin ƙofa, domin ya gayyato malaman makarantarsu da rabin ’yan kwayar cocinsu. Ya cire takalmin hagu, ya motsa yatsu a gaban jama'a, ya zauna.

Fitila ta yi kore. Motoci suka fizga. Kwanar farko ta taho, Gershon ya danna ƙarfen nan har ƙasa yadda ya saba. Tayoyi suka ƙame, motar ta juya tana kallon inda ta fito, na baya suka yi ta afka mata.

Don girman suna aka yarda a sake. A karo na biyu ma a wannan kwanar ya kife, sai dai yanzu har da dariya daga layin ’yan kwaya. Ba a yi na uku ba. Azariya ya gama tseren da injin markaɗensa, aka ɗaga hannunsa, Jos ta zama tasa.

Gershon ya miƙe da takalmi ɗaya. Jabun kwamfuta aka sayar masa, ya ce. Jamiluddeen bai san aikinsa ba. A kawo masa akwatinsa yanzun nan, ya nuna wa waɗannan jahilan yadda ake taka birki!

Miriyam tana bencin baya, jakarta a cinya. Ta taso ta jona akwatin a babbar talabijin, amma maimakon fili sai ta buɗe shafin saiti, ta ɗora yatsa a kan wani layi da kowa ke iya gani.

"Broda," ta ce, "akwatin nan ba ya ganin birki da aka sa daban, sai kwamfuta. Ka duba, taimako na ’yan koyo yana a kunne tun ranar da ka saya, shi ne yana taka maka birki. Yau ne fes taim da ƙafanka ya taɓa mota."