Baƙin Hayaƙin Motar Mukamusoni

Karo na uku ke nan da za su zura wa motar Mukamusoni ƙarfen gwajin hayaƙi a salansa.

Mukamusoni na tsaye gefe, hannu a ƙugu, tana haɗiye tari. Motar tsohuwar akori-kura ce, ta girmi rabin ma'aikatan wurin gwajin. Shekara talatin da ɗoriya tana jigilar dankali daga Musanze zuwa kasuwar Nyabugogo. Da can mijin Mukamusoni, Sebahire, ne a sitiyari, da ciwon ƙirji ya tafi da shi matarsa ta hau. A goshin motar akwai kalma ɗaya da marigayin ya rubuta da jan fenti. Duk duniya kalmar nan kaɗai Mukamusoni ta iya karantawa, kuma ba ta taɓa jin tana bukatar ta biyu ba.

Ran farko na'ura ta nuna ja. Jami'in gwajin, wani dogo mai tabarau, ya ce hayaƙin ya wuce ƙa'ida, a je a gyara a dawo.

"Yallaɓai, hayaƙi ai numfashin mota ne," ta ce. "Ko kai ba ka numfashi?"

Bai ɗago kai ba. "Na gaba."

Ta kai motar Gatsata wurin Gakwaya bakanike. Wuni guda suka yi suna ciniki, har ya rantse ko surukarsa ba ta taɓa matse shi haka ba. Ya juye mai, ya canja matatar iska, ya wanke abin da zai wanku. Ta koma layi. Ja.

"Mama, injin nan ya riga mijinki mutuwa," in ji Gakwaya. "Tsoronki ne ya hana shi kwanciya."

Sabon inji kuwa, ko ta haɗa gidan da akuyoyin ba za ta kai ba. In babu takardar gwaji, a shingen 'yan sanda na farko za a ajiye ta. Tuni ma matan kasuwa suka fara yi wa wani mai sabuwar mota murmushi.

Direbobi suka ba ta tasu dabarar. Ta zuba kananzir kaɗan a tanki, ta hau tudun Shyorongi a giya biyu, ta take wuta har dauɗar cikin ta fita, ta kawo motar da zafinta. Gakwaya kuma ya ɗaure famfon mai. A haka motar ko buhu biyar ba za ta ja ba, amma za ta yaudari na'ura, in an fito sai a kwance famfon. Ta yi duka. Shawara ɗaya ce ta ƙi.

"Ki bi layin mai ƙibar nan," suka ce. "Ba ya dogon bincike. Dogon kuwa ba shi da mutunci."

"Layin dogon zan bi. Ya kalli idona ya faɗa."

Yanzu ga shi ya nufo motar. Ƙofar direba ba ta buɗuwa ga kowa, Gakwaya ma sai da ya haure ta ya zage ta. Dogon ya tokare ta da gwiwa, ya ɗaga hannun sau biyu, ta buɗe. A kan kujera akwai kwano da ta bari da gangan, dankali da wake da yankan piya. Ya matsar da shi a hankali. Ya daɗe yana kallon tsumman da aka cusa a ramin da ke ƙarƙashin kujera, inda hayaƙi ke shigowa. Tsumman ya yi baƙi ƙirin.

Ya tayar da motar, ya karkata kunne.

"Wa ya taɓa famfo?"

Ya sauko, ya karɓi sifana, ya mayar da famfon daidai inda Sebahire ya bar shi. Ya koma ya take wuta. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe wurin, masu jira suka toshe hanci, tarin da take ta haɗiyewa ya ƙwace mata har ta dafa bango.

Ja.

"Yallaɓai," ta ce da ta samu numfashi, "motar nan ta ciyar da mutane. Ta yi wa mutane karatu har suka sa tabarau."

"Ta kuma kai mutum ɗaya kabari, Madam. Ba ni da hannun da zan sa ta kai na biyu."

Ya buga hatimi. Ya miƙa mata takardar.

Mukamusoni ta riƙe ta a juye, ba ta ma san a juye take ba. Ba ta roƙe shi ba, ba ta taɓa roƙon kowa ba. Ta ɗauki kwanon ta dangwara masa a hannu.

"Ci. Ka rame."

Sannan ta kalli ƙirjinsa, inda aka maƙala ƙaramin allo mai ɗauke da kalmar da ke goshin motar, Ndahiro, sunan da Sebahire ya rubuta da jan fenti ran da ta haifi dogon a bayan motar nan, a kan buhunan dankali.